Ranar da Na Ce Ba Nawa Ba Ne

A saman buhunan albasa muka zo ƙasar Gana, ni da yaron, kwananmu shida rabonmu da Dogondutsi. Wanda bai taɓa kwana a kan albasa ba, kada ya zo ya ce mini ya san wahalar hanya. Ido yana ruwa, ciki yana juyawa, zanen da ke jikinki ko sau nawa kika wanke shi warin yana nan. Yaron shekararsa tara lokacin. Bai yi kuka ba ko sau ɗaya, ni ce ma nake juya masa baya in yi nawa.

Abin da ya fito da ni, mijina Garba ne. Fataucin albasa yake yi zuwa Akra, wadda mu Ankara muke ce mata. Damina biyu ba shi ba saƙonsa. Danginsa suka ce in yi haƙuri. Na yi har ya ishe ni, na ɗauko yaron na hau kamiyo, babbar motar kaya.

A Malanbil, muna ƙetare gada, aka fara koya mini hankali. Wani mutum sanye da riga mai kama da ta ma'aikata ya hau motar yana Hausa tsaf, ya ce duk mai takarda ya kawo a buga masa hatimi. Na kwance bakin zanena na ba shi katina da takardar haihuwar yaron. Har yau yana can yana buga hatimin. Da na faɗa wa direba, dariya ya yi, ya ce ai kowa ya san mutumin, ni ce baƙuwa. Kowa ya san shi, amma ba wanda ya buɗe baki lokacin da nake miƙa masa.

A Aflawo, bakin iyakar Gana, direba ya ce marar takarda ya sauka ya san yadda zai yi, mu haɗu a gaba. Na tsaya riƙe da hannun yaron, ga teku can tana ruri, abin da ban taɓa gani ba. Wata mata mai sayar da kifi ta dube ni sama da ƙasa. Ba ta jin yarena, ba na jin nata. Ta sauke kwanon kifinta ta ɗora mini a ka, ta ba yaron kujerarta ya riƙe, ta shige gaba tana yi mana faɗa kamar 'yan aikinta ne suka makara. Haka muka wuce gaban masu kaki ba wanda ya kalle mu. A can ta karɓe kayanta, ta ba yaron kifi biyu, ta juya. Ko sunanta ban sani ba. Duk sallar da na yi ina saka ta.

A kasuwar albasa ta Ankara na tarar da mutanenmu. Ina ambaton Garba suka fara kallon ƙasa. Tun daminar bara zazzaɓi ya kashe shi, sun yi masa sutura, kowa ya ɗauka wani ya aika gida. Suka yi mini gaisuwa, suka sa ni a toro-toro, ƙananan motocin hayan nan, suka ce a sauke ni Nima gidan Alhaji Tanko, shi ne mai saukar da baƙin da suka fito daga wajenmu.

Zan faɗi gaskiyarsa kafin in faɗi sauran. Alhaji Tanko ya ba ni ɗaki. A ƙarshen gida yake, bangonsa ɗaya da babban gwatan da ya raba Nima da Mamobi, in aka yi ruwa sai mun ɗora tabarma a kan benci, amma ɗaki ne. Shi haifaffen Ankara ne, kakansa ne ya zo daga ƙasar Hausa. Yana da motoci, yana da gidaje, yana kuma da wata ƙungiyar ƙwallon yara, irin wadda suke ce wa kols, don a riƙa kiran sunansa a unguwa.

Watannin farko ban san inda nake ba. Hausa ake yi, amma mace ma “ka” ake ce mata, sai in waiga in ga wane namiji ne a bayana. Tuwonsu ba irin namu ba, gaisuwarsu gajera. In na tuna inuwar gawon ƙofar gidanmu sai abinci ya fita raina. Komawa kuwa ba da me. Na fara da tsintar ruɓaɓɓiyar albasa a kasuwa, na yi dako a ka tare da 'yan matan arewacin Gana da na haife su. Wata Anti Dede, 'yar ƙabilar Ga, mai sayar da dokunu, tuwon masararsu da ake naɗewa a ganye, a bakin titi, ita ta matsa mini gefen teburinta ta ce in soya ƙosai in dama koko, tunda ta ga hannuna ya iya. Da haka na tsaya da ƙafata.

Ban taɓa zaunar da yaron na yi masa wa'azin juriya ba, ban iya ba. Ni ma ba a yi mini ba. Babana ɗan kokawa ne. Na ga ranar da wani Bazabarme ya kayar da shi a gaban garinmu duka, makaɗa suka yi shiru. Washegari da sassafe na gan shi a bayan gida yana ɗaga turmi yana ajiyewa. Abin da na gani ke nan. Shi ma yaron abin da ya gani ke nan. Wata shekara ruwa ya cika gwata ya shigo ya tafi da kaskona da buhun wake da itacen duka. Da gari ya waye na ari kaskon Anti Dede, na jiƙa waken da wata maƙwabciya ta auno mini, na soya. Yana tsaye yana kallona, laka har gwiwa. Kullum kafin ya tafi makaranta shi ke ɗebo mini ruwa daga famfon ƙasan tudu, jarka a ka, da gudu yake hawowa. Mutane sun yi ta cewa ƙafarsa baiwa ce. To, baiwa ce, amma tudun Nima ma ya sa hannu.

Yanzu sai in faɗi abin da 'yan Ankara ba su gane ba. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa. In aka tambaye ta ko nata ne, sai ta ce na wance ne. Kunya ce, da ita aka san 'yar mutunci. Nawa kuma sunan surukina aka sa masa, kunya biyu ke nan. Na-Mairo nake ce masa, don gwaggonsa Mairo ce ta yaye shi. Matan gidan Alhaji dariya suke mini, su ce Mma Dutsi ta manta sunan ɗanta. Alhaji shi bai yi dariya ba. Ya san al'adar sarai, kakarsa ta yi ta.

Yana shekara goma sha ɗaya Alhaji ya gan shi yana buga ƙwallon tsumma a lungu, ya sa shi a ƙungiyarsa. Da lokacin yi wa 'yan wasa kati ya zo, ya kira yaron gefe ya ce masa baƙo ba ya samun kati, balle wanda ba shi da takardar haihuwa, amma zai ara masa ta ɗansa Kamal, tunda sa'anni ne kuma Kamal ba ya son rana. Ya ce in an tambaye shi ya ce shi ne Kamal Tanko. Ni ba a faɗa mini ba.

Ranar ina bakin filin da tiren ƙosai. Ma'aikacin da ke rubuta katin, wani dogo mai tabarau, ya ga na goge wa yaron fuska da bakin mayafina kafin a ɗauke shi hoto. Sai ya ajiye biro ya ce shi fa yana shakka, wannan yaron bai yi kama da Alhaji ba, da matar can ya yi kama. Alhaji ko gezau. Ya ce ai ga ta nan, a kira ta a tambaye ta. Da bakinsa ya ce a kira ni.

Filin cike da maza. Mai tabarau ya ce, “Mma, wannan yaron ka ne?”

Na ja mayafi na rufe baki. Na ce, “Ba nawa ba ne.”

“To na wane ne? Mene sunan shi?”

“Ku tambayi Alhaji.”

Ya ɗauki bironsa ya rubuta. Na koma kan ƙosaina ina jin na yi abin da uwata za ta yi. Yaron ya kalle ni sau ɗaya, ban gane kallon ba sai bayan shekaru.

Da na fara jin ana ihun Kamal a fili alhali ɗana ke da ƙwallo, na je na tambayi Alhaji. Ya ce sunan fili ne kawai, takarda ce, ba ta rage komi. Abin da ya fi ƙona mini rai har gobe shi ne, daɗi na ji. Na samu sunan da zan iya kira ba kunya. Shekara biyar ina bakin fili, in ya zura ƙwallo a raga in tashi in yi guɗa ina Kamal, Kamal, har muryata ta dushe. Ni da bakina na tallata sunan ɗan wani a Nima da Mamobi da Alajo. Kamal na gaskiya yana gida ƙarƙashin fanka yana cin ƙosan da nake aika wa uwarsa.

Yana sha shida aka yi wata babbar gasa, wani dillalin 'yan ƙwallo ya gan shi, ya rubuta suna ya tafi. Bayan watanni takardar gayyata ta zo daga Turai da sunan Kamal Tanko. Unguwa ta ɗauka. Alhaji ya ce mu yi shiri, shi zai kula da fasfo da biza. Na sayi yadi na kai a ɗinka wa yaron kaya, Anti Dede ta sayo masa rigar sanyi a kasuwar gwanjo ta Sakil. Sai yau, sai gobe. Wata Laraba da hantsi ina wanke kasko na ji matan gida suna guɗa a ciki. Na tambayi wata yarinya me aka samu, ta ce Kamal ya sauka lafiya, ya bugo waya.

Na shiga har falonsa da takalmina, da hannuna duk baƙin kasko. Yana shan shayi. Na ce masa wane Kamal ne ya sauka. Ya ce Kamal nawa ya haifa? Takarda ta zo da sunan ɗansa, ɗansa ya tafi. Na ce ƙafar wa aka gani? Sai ya ajiye kofi ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, wai in tuna a gaban jama'a aka tambaye ni, ni na ce ba nawa ba ne, to yau kuma da wane baki nake zuwa. Ya ƙara da cewa in ɗakin ya yi mini ƙanƙanta akwai masu so.

Kamal ko filin gwajin bai taka ba. Yana sauka ya sulale ya shige gari, dama shigar ake so. Mu aka bari da wutar. Ofishin ƙwallo suka ce Kamal Tanko ya gudu, an soke katinsa. Ɗana ya je ya ce shi ba Kamal ba ne, suka ce to hoton wa ke jikin katin? Suka ce ya kawo takardar da ta nuna ko shi wane ne. Takardar tana Malanbil a aljihun ɓarawo.

A ranar da na shiga falon Alhaji na kwashe kayana. Anti Dede ta samo mana wani ɗaki na katako a Mamobi. Yaron ya ɗauki takalman ƙwallonsa ya wurga su saman kwano, ya kwanta ya juya wa duniya baya. Wata biyu ba ya fita sai masallaci. Ban lallashe shi ba. Asuba ta yi in tashi in hura wuta, in sauka tudu da kaina in ɗebo ruwan da shi ke ɗebowa, in wuce ta kansa da jarka. Ina sane nake ajiye ta da ƙarfi. Ran nan ya ce mini, bai ko ɗago ba, wai me ya sa na ce haka a fili. Na ce kunya. Ya ce to ga abin da kunya ta saya mana. Ban mare shi ba, don gaskiya ya faɗa.

Na bar wa Anti Dede teburin, na sake hawa motar albasa, wannan karon wadda ta sauke kaya za ta koma. Ni kaɗai. A Dutsi aka ce tunda takardar haihuwarsa ta asali ta ɓata sai an je gaban alƙali da shaidu biyu. Shaidu suna ƙauye, alƙali yana hutu, mai buga takarda matarsa ta haihu. Duk inda na je sai a miƙo mini wata takarda a ce in dangwala yatsa, ban san ko sayar da kaina nake yi ba. A kan bencin kotun nan na yi rantsuwa ba zan mutu ba sai na iya karanta abin da ake miƙo mini. Dangi suka ce in zauna gida haka nan, me na samu a Gana. Gawon ƙofar gidanmu ma an sare shi. Na kwana arba'in da wani abu, na samu takardar, na ɗinke ta a cikin ɗan tofina, na juyo. A Malanbil duk wanda ya matso kusa da ni sai na zage shi tun kafin ya yi magana.

Ina isowa Mamobi na ga takalman a ƙofar ɗaki, an wanke su. Anti Dede ta ce tun sati na biyu da tafiyata ya hau kwanon ya sauko da su, kuma shi ya riƙe teburin, yana soya ƙosai samari suna masa dariya, in ya tashi ya tafi gudu har Alajo ya dawo.

Muka je ofishin tare. Allah da ikonsa, mai tabarau ɗin nan ne, ya yi furfura. Ya juya takardar, ya kalli yaron, ya kalle ni. Ya gane ni. Ya ce shi dai ya taɓa tambayata wata magana, yau ma zai sake. Ofishin akwai maza sun fi goma. Harshena ya yi nauyi kamar na mai takaba.

Na ce, “Nawa ne. Ni na haife shi, a ɗakin uwata, ranar Alhamis. Sunansa Sulaimanu Garba.”

Shekararsa sha bakwai, ranar ya fara jin sunansa a bakina. Ya sunkuyar da kai. Ni kuma tunda bakin ya buɗe na sake faɗa, na ce a rubuta da kyau.

Kada wani ya ɗauka daga nan daɗi ya fara. Shekarun yara sun wuce shi, dillalai kuma yara suke so. Manyan ƙungiyoyi suka ce ba su san wani Sulaimanu ba, Kamal suka sani. Ya fara daga ƙasa, ƙungiyoyin ƙauye, filin da awaki ke kiwo a tsakiya. Ya yi Nsawam, ya yi Suwedru, ya yi shekara biyu a Bolga yana kwana a aji. Wani wuri da shinkafa ake sallamarsu. A Tamale aka karya masa ƙafa, na je na ɗauko shi a mota, wata takwas yana dogara sanda yana jajjaga mini wake a zaune. Sa'anninsa duk sun bari, wannan tela, wannan direba. Mutanen kirki suka yi ta zuwa suna ce mini in sa shi ya kama sana'a. Na ce ni ban sa shi ba, ba kuma zan hana shi ba. Ƙafar tana warkewa ya koma tudu da jarka.

Sai da ya kai shekara ashirin da shida wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi, lokacin da ake ce wa ɗan ƙwallo ya fara tsufa. Ya yi musu shekara bakwai, uku a ciki shi ne kyaftin. Turai dai bai je ba. Amma na zauna a babban filin Ankara na ji lasifika ta kira Sulaimanu Garba, mutane suka amsa. Ya fitar da ni daga ɗakin katako. Ya hana ni suya, ban hanu ba, sai dai na rage, da la'asar na shiga ajin manya a Mamobi. Da furfurata ina a, ba, ca, jikokin mutane suna leƙe ta taga. Shekara uku kafin in karanta allon toro-toro ban tambayi kowa ba.

Abin da ya ɗauka a wurina ya ɗauka, amma riƙo bai ɗauka ba. Duk shekarun nan in ya haɗu da Alhaji Tanko sai ya rusuna ya gaishe shi. Da salla har gida yake zuwa. In na yi magana ya ce Mma, ya wuce. A wurinsa ya wuce. Ni in na hango Alhaji a titi tsallakawa nake yi, ba don tsoro ba, don kada in yi abin da za a ɗaure ni. Ba Turai ke cina ba. A Nima har lokacin akwai tsofaffin da in ana hirar ƙwallo sai su ce ai ba a yi yaro kamar Kamal ɗan Alhaji ba, Turawa ma sai da suka ɗauke shi. Shekara biyar na ƙafar ɗana suna can a rubuce a gidan wani, mai gidan kuma bai taɓa buɗe baki ya gyara ba.

Da Sulaimanu ya ajiye wasa sai ya buɗe tasa ƙungiyar yaran a Mamobi. Yanzu wurinsa dillalai ke zuwa, ƙungiyar Alhaji ta daɗe da mutuwa. Ranar yin kati ni ke zama a teburi ƙarƙashin rumfa ina karɓar takardun iyaye, don na ce duk takardar da za ta shiga ƙungiyar nan sai ta bi ta hannuna.

Bara, wata Asabar da safe, sai ga Alhaji da sanda, ya tsufa, babbar riga tana jan ƙasa, yana tafe da jikansa Rashidu, ɗan 'yarsa. Yaron har gashin baki ya fara, ajin 'yan sha biyu aka kawo shi. Iyaye sun fi talatin a wurin, ga limamin unguwa ya kawo nasa ɗan. Alhaji ya gaisa da kowa, ya miƙo mini takarda ko kallona bai yi sosai ba, ya ce Mma Dutsi, miƙa ma koci. A saninsa har yanzu ni mai ƙosai ce da ke dangwala yatsa.

Na sa tabarau. Na bi ta da yatsa, don ni a hankali nake karatu. Fuseni Alhasan. Sunan uwa, Azara. Na san Azara, 'yar dako ce daga arewa, tana sayen koko a wurina, kuma a tsohon ɗakina na bakin gwata take haya. Ɗanta Fuseni ɗan ƙarami ne, kullum yana bayan raga yana tsinto ƙwallo. In aka yi wa Rashidu kati da takardar nan, Fuseni da ƙwallo kuma har abada.

Na karanta ta da ƙarfi, tun daga sama har hatimi. Kowa a wurin ya san Rashidu, ya san ba sunansa ke nan ba. Alhaji ya miƙo hannu ya ce kuskure ne, ba ita ya yi niyyar ɗaukowa ba. Na ninke ta na tura cikin rigata. Sulaimanu ya matso yana raɗa mini in ba shi, dattijo ne, a rufa masa asiri. Na ce ya koma wurin yaransa, wannan ba wasansa ba ne.

Na ce wa Alhaji hanya biyu ce. Ko in ɗauki takardar nan da ƙafata in kai ofishin ƙwallo da wurin 'yan sanda, in kira Azara ta faɗi yadda aka karɓe ta a hannunta. Ko kuma ya tsaya nan inda yake ya gaya wa mutanen nan wane ne ya buga ƙwallo shekara biyar da katin Kamal. Liman ya fara cewa Mma a yi haƙuri, na ce Malam na yi na shekara ashirin, yau na wani ne.

Jikan ya saki hannun Alhaji ya matsa gefe. Can Alhaji ya ce, ƙasa-ƙasa, “Sulaimanu ne.”

Na ce, “Alhaji, kunnena ya tsufa. Me ka ce?”

Ya ɗaga murya kaɗan. Ya ce Sulaimanu ne ya buga, Kamal bai taɓa buga wa ƙungiyar wasa ba.

Na ce motoci sun yi yawa a titin nan, na baya ma ba su ji ba. Wa aka gayyata Turai? Wa ya tafi? Kuma wa ya ce a kira ni a tambaye ni, yana sane da abin da zan ce?

Ya faɗa duka, da ƙarfi, har masu sayar da ruwa a bakin titi suka juyo. Da ya gama ya nemi wurin zama, ba wanda ya tashi da sauri, sai Sulaimanu ne ya kawo masa kujera. Na aika aka kira Azara na saka mata takardar ɗanta a hannu, na ce ta zo da shi a yi masa kati yau. Rashidu kuma aka rubuta shi ajin manya da sunansa, don shi bai yi mini komi ba.

A hanyar gida Sulaimanu yana tuƙi, muka wuce gwata. Sannan ya ce, Mma, yaushe kunnen ya fara, me ya sa ban faɗa masa ba, ranar Litinin sai mu je asibiti a duba.

Na ce masa ya bar Litinin ɗinsa. Tun faɗar Alhaji ta farko na ji.